Motar da Baba Ya Ƙi Shiga

Makera, Kaduna,
19 ga Agusta.

Yaya Elisha,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti Hephzibah da yara. Yaya Fatakwal, yaya aiki, yaya ruwan saman naku da ba ya jin bari? Allah ya ƙara lafiya, ya tsare fitarku da shigarku. Mu nan da godiya. Hope ta gama jarrabawa, maigidana Ben kuma yana nan yana fama da shagonsa a Kakuri. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in buga waya, domin Baba da ke cewa kunnensa ya yi nauyi, da zarar na ambaci sunanka sai ya ji har numfashina. Kai ma kuma a waya ba ka barin mutum ya dire magana.

Abin da na faɗa maka makon jiya, wai jiri ne ya ɗan kwashi Baba, rabin gaskiya ne, ka yafe mini. Ranar Laraba da hantsi yana zaune yana jin rediyo sai ya dafe ƙirji, zufa ta karyo masa, magana ta gagara. Ka san an koya mana taimakon farko a zumuntar mata, aka ba mu lambar kiran gaggawa. Nan take na buga. Wata mata ta ɗauka, ta tambayi shekarunsa da yadda yake numfashi, ta ce kada in bar shi ya miƙe. Da ta nemi sunan layinmu sai na yi turus, don ka san ba shi da suna sai bayan injin niƙa. Dole Ben ya rufe shago ya tsaya musu a bakin titi. Ba a yi rabin awa ba sai ga motar asibiti da direba da ma'aikata biyu, da gadon ɗaukar mara lafiya da tukunyar iskar numfashi. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka.

Ashe ban ga komai ba. Maƙwabciyarmu Maman Comfort tana jin jiniya, ta leƙo ta ga farar mota a ƙofarmu, sai ta ɗora hannu a ka ta ƙwala kururuwa. Kafin ma'aikatan su gama auna Baba tsakar gida ta cika. Mata na kuka, wani ya fara jera benci, wani ya kira Fasto, wata tsohuwa har ta ɗauko waƙar jana'iza. Na fito ina ihu cewa da ransa, wa ke ji na? Na ji haushinsu ƙwarai, amma in na zauna ba na iya ganin laifinsu. A unguwar nan irin wannan mota ba ta tsayawa a ƙofar kowa sai in gawa za a kai ƙauye. Irinta ce ta kai gawar Mama garinmu Zonkwa shekara huɗu da suka wuce, kana gaba kusa da direba.

Baba ya ji komai. Yana kwance a kan gadon, ana shirin fita da shi, ya ji ana makokinsa da sunansa. Ya fizge robar iskar daga hancinsa ya ce ba mai saka shi a motar gawa da ransa. Babbar ma'aikaciyar, Janet, har durƙusa masa ta yi. Ta ce motarsu ba ta taɓa ɗaukar gawa ba, dokar aikinsu ma ta hana. Amma ta ja ni gefe ta ce dokar nan dai ta hana su tilasta wa mutumin da ke cikin hankalinsa shiga mota. Sun jira iya jira, ya sa hannu a takarda cewa shi ya ƙi, aka kira su wani wuri suka tafi. A keke-napep muka kai shi, a zaune, kansa a kafaɗata, muna ja a cunkoso har gada. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba ne fa, mutumin da ya yi shekara sha tara yana tuƙa motar asibitin masaƙa. Ka tuna yadda yake cika mana baki, wai in inji ya ci hannun wani, kafin nas ta gama ɗaure ciwon ya dire su a asibiti, motoci na darewa suna ba shi hanya. Da na tuna masa sai ya ce ai shi ya fi kowa sanin ƙarshen motar nan. Da aka rufe masaƙa an sayar da motar ga Sunday mai gareji, ya cire gadon da akwatin magani ya bar jiniyar, yau shekara nawa ba ta ɗaukar kowa sai wanda ke cikin akwati. Ya ce shi ya sa yanzu ko ka kunna jiniya ba mai kaucewa, don kowa ya ɗauka na ciki ba ya sauri.

Likita bai ɓoye mini ba. Zuciya ce, kuma zai sake dawowa, wataƙila ba da daɗewa ba. Ya ce in ya dawo sai an ɗauko shi a kwance da iska a hanci, keke ba zai kawo shi da rai karo na biyu ba. Na roƙi Baba, Fasto ya roƙe shi, na bi maƙwabta gida gida ina jan kunnensu kada wanda ya sake yin kuka don ya ga mota. Shi kuwa murmushi kawai yake yi mini, irin wanda ake yi wa yarinya. Kai kaɗai yake jin maganarka, Yaya. Ka zo ka sa shi ya yi maka alkawari da bakinsa, don ka san ba ya saɓawa.

Kada ka ce sai hutun Kirsimeti. Shekaranjiya Sunday ya tare ni a kasuwar Kakuri yana ta sosa ƙeya, ya ce Baba ya tako har garejinsa da sandarsa. Wai ya zagaya tsohuwar motar sau biyu, ya daddanna tayoyin, ya ce ta baya ta hagu ba za ta kai Zonkwa ba, a canza ta kafin ƙarshen wata. Ya kuma ce in sun kama hanyar Kachia da shi a tafi a hankali, kada a kunna masa jiniya.

Ka gaishe mini da Anti Hephzibah, da Caleb da Mary, ka ce kakansu yana tambayarsu kullum. Ben da Hope suna gaishe ku, haka ma Goggo Edith daga Sabon Tasha. Ubangiji ya kawo ka lafiya, ya kawo ka da wuri. Da safen nan na bi ta gaban garejin, na ga Sunday ya riga ya canza tayar.

Ni ce ƙanwarka,
Damaris.