Jirgin da Sadiku Zai Raka

Daren Alhamis, Deira.

Barci ya ƙi zuwa. Da la'asar jikana Sadiku ya dawo daga kamfaninsu na ƙera jiragen ruwa, ya nuna min hoto a waya. Jirgi ne ruwan toka, siriri kamar kifi, da wasu dogayen akwatuna a bayansa.

Na ce, "Angona, lefena ne ka loda? Ai ka makara, haƙoran sun zube."

Ya ce, "Hajiya, makamai masu linzami ake sawa a ciki. Sojojin ruwan wata ƙasa suka saya. Ni zan raka shi in koya musu injin."

"Wace ƙasa?"

"An hana mu faɗa."

Na ce ƙasar da ba ta da suna ai ta aljanu ce, ya gaishe min da sarkinsu. Bai yi dariya ba, yaron da ba ya barin maganata ta faɗi ƙasa.

Ni abra kawai na sani, ƙaramin jirgin fiton nan na Deira, ita ma ido a rufe nake hawa. Amma wanda ya sayi wannan abu ya san wanda zai harba. Wancan kuma in ya tashi ramawa, ba zai tambayi wane ne bakanike ba.

Da zai fita ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, ki yafe min." Na ce na yafe, duniya da lahira.

Tunda aka haife shi, yau na fara ba shi amsa babu wasa.