Zuwa ga Sidi Muftahu, Balaraben Gusau da Ya Zama Wazirin Kuɗi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Daga Bawa ɗan Kulu na Bungudu zuwa ga aminina Sidi Muftahu. Gaisuwa mai yawa, da girmamawa, da tambayar lafiyarka da ta iyalinka. Bayan haka:

Labarinka ya iso mu. Alhaji Mamman na Tsafe ya komo daga Makka bayan shekara shida a hanya, tun bai kwance kaya ba ya aiko a kira ni. Ya ce sarkin ƙasarku ya ɗora ka a kan baitulmalinsa, kai ne wazirin kuɗi. Don murna na bar jakina a ƙofar gidansa, na kama hanya da ƙafa, sai da na yi nisa na tuna da shi.

Ina rubutun nan a zaure, mutane sun cika shi, kowa na cewa a sa gaisuwarsa. Har waɗanda suka taɓa zagin ka suna ciki. Ni ma ina cikinsu, ka sani.

Na tuna zuwanka Gusau da raƙuma biyu da Hausarka mai karkata. Ka kama shago kusa da masu auduga, fatake suka fara bar maka ajiya. Mutum ya ba ka dukiya a Gusau, ka ba shi 'yar takarda, ya karɓa a Kano ba ragi. Mu mutanen ƙauye muka ga abin kamar sihiri. Innata ce ta fara kai maka nata, kuɗin wuri da ta tara na zaren da ta yi shekaru tana kaɗi, ni na ɗauko buhun wurin a kan jaki.

Sai shekarar da ka canja mana wuri zuwa sulalla. Ka aika Bungudu da Ruwan Bore kana sanarwa, amma ba wanda ya saurara sai da aka gama. Aka ce Balarabe ya cinye buhuna ya bar mana ƙarfe cikin tafin hannu. Muka zo maka da sanduna. Ni ne a gaba, ni na buge maka rawani ya faɗi ƙasa.

Ka duƙa ka ɗauka, ka kakkaɓe. Abin da ka ce har yau ina jin sa: “Wuri ya kusa mutuwa, ba na so ya mutu a hannunku.” Ka ce duk mai son wurinsa ya komo ranar kasuwa, za ka saya masa da kuɗinka. Kuma ka cika. Na karɓi nawa ina taƙama. Inna ta ƙi karɓar nata. Ta ce mutumin da aka buge wa rawani bai ɗaga murya ba, ba ɓarawo ba ne.

Damina biyu ba su cika ba masu karɓar haraji suka ƙi wuri, 'yan kasuwa ma suka bi su. Nawa ya ƙare a ado na ƙwarya da wasan yara. Da sulallan Inna muka biya harajin gida duka, muka sayi saniya, ga jikokin saniyar nan a garke. Na zo shagonka ban iya ɗaga kai ba. Ba ka ta da maganar ba. Ka zuba mini shayi, ka tambaye ni yadda gero ya yi.

Da mahaifinka ya rasu aka kira ka gida, ka yi wata guda kana neman masu ajiya ɗaya bayan ɗaya, har rugagen Fulani bayan 'Yandoto. Ba ka tafi da aninin kowa ba. Bayan haka muka riƙa jin ƙishin-ƙishin: ka buɗe gidan ajiya a bakin teku, manyan attajirai na zuwa wurinka. Wasu suka ce ƙarin gishiri ne na matafiya. To, yanzu ga Alhaji ya gani da idonsa.

Ya ce dogarai sun tare shi a ƙofar fada, sai ya ɗaga murya ya ambaci Gusau. Ka fito da kanka ba takalmi, ka rungume shi, ka gaishe shi da Hausa a gaban manyan fada. Ya ce ka tambayi Inna.

Sidi, Inna ta rasu bara da kaka, cikin sauƙi, tana da hankalinta. Ba ta ji wannan labari ba, amma ba za ta yi mamaki ba. Mu ne muke mamaki. Jiya an yi kiɗa a Bungudu, mata suka yi guɗa, wani tsoho yana ta gaya wa baƙi cewa a kasuwarmu ka koyi aikin. Ban hana shi ba, don gaskiya ya faɗa.

Ba na roƙon ka komai. Ina so dai ka san an yi murna a nan kamar ɗanmu aka naɗa.

Allah Ya riƙa maka, Ya tsare hannunka daga haƙƙin talaka, Ya ba ka sarki mai jin shawara. Allah Ya jiƙan Inna da mahaifinka. Amin.

Wani maniyyaci zai taho da takardar nan a ƙafa, ban san yaushe za ta same ka ba, ni kuwa ƙarfi ya fara ja baya. In amsarka ta zo ba ta tarar da ni ba, a karanta ta a zauren nan. Akwai masu jira.

Wassalamu.
Amininka, Bawa ɗan Kulu.