Tunkiyarmu Kyalla a Waƙar Tashe

Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya shan ruwa? Ya maigida da yara, ya ruwan saman Fatakwal? Mu nan Sifawa lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke ɗan matsa mata.

Shekaranjiya bayan asham muna tsakar gida, farin wata tas, ina ɗinkin hular Sallah, Inna na saƙar faifai, sai ga 'yan mata 'yan tashe. Sunka ɗauko waƙar nan tamu ta ƙuruciya. Kin tuna shekarar da baitin ƙarshe ya ɓace miki a ƙofar gidan liman, kinka cusa sunan tunkiyarmu Kyalla don kar mu ji kunya? Wallahi har yau da Kyalla suke rufe waƙar! Na tambayi babbarsu wace ce Kyalla, ta ce, "Gwaggo, ai wata sarauniya ce ta zamanin da."

Na yi dariya har allura ta soke ni. Inna kuwa ta aje faifai, ta lumshe ido, ta ce su maimaita. Ni ma sai na ga kamar ke ce tsaye bakin zaure da jan kallabinki.

Da sunka tafi ta ce, "Waƙarta na zuwa gida duk shekara, ita ce dai shiru."

Ki sa mu cikin addu'a lokacin buɗa baki, ki gaida kowa. Amma Yaya, ki zo Sallar nan. Inna ta ce kada in gaya miki ta yi kuka.

Ƙanwarki,
Jummai