Rigar Sanyin Mama

Temuco, watan Mayu

Mama,

Ki sa mini albarka. Ina fata kina lafiya, ke da ƙanwata Yajaira da yaranta. Ya hawan jinin? Yajaira ta ce yanzu a Maracaibo sai wuta ta ga dama take zuwa, kuma a ƙasa kike kwana da jiƙaƙƙen tawul, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki da na kafa miki da hannuna. Maganar nan ta hana ni sukuni.

Na iso Chile lafiya. Wani mai shagon gyara, Don Sigisfredo, ya duba takardata ta makarantar koyon sana'a, ya ga an rubuta sanyaya gida da ɗumama shi, ya ce in fara Litinin. In ya riƙe ni zan sami izinin zama, in ɗauko ki kafin zafin Agusta ya sake kwantar da ke. Na ji har kin sayi rigar sanyi saboda hunturun nan. Ke da ko bargo ba ki taɓa rufa ba! Na yi dariya har da hawaye.

Ɗanki,
Eudomar

Temuco, watan Yuni

Mama,

Albarkarki nake nema. Ya jiki, ya yara?

Kin tuna malaminmu Hermágoras? Ranar da muka kai darasin ɗumama gida, rufe littafin ya yi ya ce, "Haba jama'a, a Maracaibo? Mai son ɗumi ya buɗe taga mana!" Muka kwashe da dariya, muka koma kan firji da kwampreso. Akwai tsohuwar tukunyar ɗumama gida a bayan ajin, cikinta yake ɓoye soyayyen ƙosan rogonsa kada mu cinye.

To Mama, garin nan babu mai sayen sanyi, kyauta Allah ke ba su. Don Sigisfredo ya kai ni gidan kula da tsofaffi, ya nuna mini tukunyarsu da ta mutu, ya ce, "To ɗan Venezuela, ga amaryarka." Na buɗe ta na yi tsaye kamar gunki. Ni abin da na sani a cikin irinta ƙosai ne. Na taɓa nan, na murɗa can, ruwa ya ɓalle ya malale ɗakin. Tsofaffin na zaune cikin barguna suna kallona, wata sak ke. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Naki,
Eudomar

Temuco, watan Yuli

Mama,

Ki sa mini albarka, ko da ba ni da labari mai daɗi. Yajaira ta ce kin faɗi a tsakar gida. Ya ƙarfin jikin?

An sallame ni. Don Sigisfredo bai ci mutuncina ba. Ya ce hannuna na da kyau, in dawo Janairu lokacin zafinsu, zafin da ko fanka bai kai a kunna masa ba. Na je makarantar sana'a ta nan don in koyi rabin da muka tsallake, suka ce sai da izinin zama. Izinin kuma sai da aiki. Yanzu itace nake saukewa daga mota, yatsuna duk sun tsattsage.

Ban riƙe Hermágoras a zuciya ba. Abin da ya koya mana ya koya da kyau, sai dai can babu wuta, nan babu zafi. Na gaji, Mama, kuma tsoro nake ji.

Ki kwance akwatin da kika haɗa don tahowa. Ki riƙa shan ruwa, kada ki fita da rana. Rigar sanyin kuma ki ba Yajaira ta aiko mini. Ba komai don ta mata ce.

Ɗanki mai kewarki,
Eudomar