Rigunan Kamfen Maigida

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba, yaya ƙannena? Ni lafiya lau, kada labarin rediyo ya tayar miki da hankali.

Gaskiya ne, asirin ɗan takarar da nake wa direba ya tonu. Ashe kuɗin ginin asibiti ya kwasa ya yi kamfe. Yanzu ba mai yarda da shi. Jiya ya ce, "Ana ruwa," sai da matarsa ta leƙa taga. Ni ma ko burodi na je saya, sai a ce, "Direba, ina asibitinmu?"

Ina cin abinci, wani lokacin. Albashi kuwa, da rigunan kamfe aka sallame ni. Ga wasu nan na aiko wa Baba, yadin mai kyau ne, amma don Allah ya sa su a baibai.

Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki.