Hoton Baba a Bakin Aiki

Litinin, 1 ga Satumba

Na yanke shawara, kyamara zan saya. Ba "in an kwana biyu" ba, cikin watan nan. Shekara biyu ina faɗa da baki, har Yaya ya laƙaba min Mai Hoton Baki.

Abin da ya zaburar da ni: jiya Baba ya ce ƙarshen wata zai rufe shagonsa na gyaran agogo. Wai mai ginin yana son wurinsa. Yana ɓare lemo ya faɗa, ko ɗago kai bai yi ba. Na shiga ɗaki na zazzage akwatin hotuna a kan gado. Shekara arba'in da ɗaya a shagon nan, amma babu hotonsa ko guda yana aiki. Duk iri ɗaya ne: a tsaye ƙiƙam, hula a daidaice, fuska a murtuke kamar an kira shi ba da shaida. Wannan ba Babana ba ne. Babana shi ne mai sunkuyawa a kan tebur, gilashi maƙale a ido ɗaya, harshe ya ɗan leƙo ta gefen baki.

Shi nake so in ɗauka, guda ɗaya tak. Wayata ba ta iya duhun shagon ba, na gwada, inuwa kawai take ba ni.

Laraba, 3 ga Satumba

Daga makaranta, ko allin hannuna ban wanke ba, na wuce shagon kyamarori. Mai shagon dattijo ne mai sanƙo da son bayani. Ya ajiye min guda biyu a kan kanta.

Ɗaya ƙarama, ta aljihu, ba ta kai sabulun wanka biyu ba. Gilashinta na gaba, lensi suke ce masa, a jikinta yake, ba a cirewa. Ɗayar kuwa, wayyo. Baƙa ce siɗik, irin da ake kira maras madubi, ana cire mata lensi a saka wani: na nesa, na kusa, na duhu. Da na kanga idona a jikinta sai na ga shagon ya koma wani wuri daban. Kunyar dattijon ce kawai ta hana ni rungume ta.

Ya tambaye ni me zan ɗauka. Da na faɗa masa, sai ya zare agogon hannunsa ya nuna min. Ashe Baba ke gyara masa shi tun kafin a haife ni. Ya ce 'yar mai agogo ba za ta saya a makance ba: in tafi da kowacce mako guda in gwada, sannan in zaɓa.

Na ce a ba ni babbar. Ya ce a'a, ƙaramar tukuna. Ban so ba, amma mai aro ba ya musu da mai kaya.

Alhamis, 4 ga Satumba

Yaya a waya: babbar, babbar, babbar. Wai ƙaramar ta 'yan yawon buɗe ido ce. Shi da bai taɓa ɗaukar hoton da kan mutum ya fito cikakke ba.

Amma ni ma bakinmu ɗaya.

Asabar, 6 ga Satumba

Na yini a shago da ƙaramar. Baba ya juya ta a tafin hannu ya ce, "Auta, wannan da batirin agogo take aiki?" Maƙwabcinsa mai yankan makulli ya yi ta dariya ta cikin katakon da ya raba su.

Da farko Baba ya yi min tsayuwarsa ta soja. Na ɗauka don a zauna lafiya, na jefa ta aljihun jaka, na zauna a kan bencin masu jira. Bayan rabin awa ya manta da ni. Wata mata ta kawo agogon bango ta ce ya tsaya da kansa. Baba ya buɗe bayansa, sai ga kyankyaso a mace tsakanin haƙoran ƙarfen. Ya tura gilashin idonsa kan goshi ya ce ga direban nan ya rasu, shi ya sa mota ta tsaya. Na zaro ta a hankali na danna. Ko motsinta bai ji ba.

Na duba a gida. Ba laifi. Wasu sun yi duhu, bayan shagon duk ya fito da tarkacensa. Ba irin hotunan da nake gani a raina ba ne. Bari babbar ta zo.

Talata, 9 ga Satumba

Saura kwana ɗaya. Na kalli bidiyon yadda ake sauya lensi har sau shida.

Laraba, 10 ga Satumba

TA ZO. Jaka guda, lensi biyu, igiya mai faɗi ta ratayawa. Na rataya ta na tsaya gaban madubin ɗaki na yi ta juyi, Mama tana bakin ƙofa tana tambaya ko gidan talabijin ne suka ɗauke ni aiki. Na ɗauki Mama, na ɗauki labule, na ɗauki kyanwar maƙwabta a kan katanga. Gashin bakin kyanwar ɗaya bayan ɗaya ake ƙirgawa, bayanta kuma ya narke luf.

Wuyana ciwo yake yi. Ban damu ba.

Juma'a, 12 ga Satumba

Abin dariya da haushi. Ina shiga shago Baba ya hango ta a ƙirjina, sai ya miƙe. Ya ɗauki hula. Ya kwashe duk abin da ke kan tebur, hantsaki, 'yan sukudirebobi, kwalbar mai, ya zuba a durowa. Ya goge teburin da tsumma, ya zauna ya ɗora hannu biyu a gwiwa ya ce ya shirya. Na ce Baba ai aikin nake so. Ya ce ba a tarbar babbar kyamara da datti.

Na ce to bari in sauya lensi, ko zai gaji da zaman. Na murɗe na farkon na cire, na riƙe kyamarar bakinta a sama ina laluben ɗayan a jaka. Ban san lokacin da ya taso ba.

"Ke, wa ya koya miki buɗe cikin na'ura fuska a sama, a gaban fanka?"

Ya karɓe ta ya kifa bakinta ƙasa. Ya kashe fanka. Ya ɗauko 'yar robar nan da yake hura wa agogo iska ya yi mata fus, fus, sau biyu. Lensin da na cire kuwa ya kife shi da tambulan, yadda yake rufe cikin agogo in ya buɗe. Ya ce ƙura ɗaya ta isa ta ɓata aikin wata guda. Ya sa na maimaita sau uku: baki ƙasa, riƙe numfashi, murɗa har a ji ƙas.

Daga nan ya maƙala gilashinsa ya yi ta leƙen cikinta. Ya ce wanda ya ƙera wannan yana da tarbiyya. Ya ce ita zan saya. Na dawo gida ina tafe kamar ba na taka ƙasa.

Lahadi, 14 ga Satumba

Na gano wani maɓalli: in ka danne shi, hoto ashirin take ɗauka a daƙiƙa ɗaya. Na gwada da famfo yana ɗiga. Na ga ɗigon ruwa a tsaye a iska! Talata zan yi wa hannun Baba haka da lensin kusa. Ba fuska, balle ya murtuke.

Talata, 16 ga Satumba

Ban san ta inda zan fara ba.

Na lallaɓa Baba ya zauna aiki, na ce hannunsa kawai zan ɗauka. Wani ɗan agogon mata ne, yana mayar masa da ƙusar da ba ta kai ƙwayar gishiri ba. Na danne maɓallin. Ɗoki ya hana ni dubawa ni kaɗai. Na zagaya bayan tebur na kai allon gaban idonsa, na ce Baba dubi hannunka, na riƙa murza hotunan da sauri.

Da suka jeru sai suka zama kamar fim. Bakin hantsakin yana rawa, hagu, dama, hagu. Ƙusar ta suɓuce, ya ɗauka, ta sake suɓucewa. A na ƙarshe hannunsa na hagu ya riƙe wuyan na dama yana danne shi. Komai tar, har jijiyar da ta tashi.

Sau nawa na zauna a shagon nan ban gani ba? Daga benci ba a gani.

Ya cire gilashin idonsa, ya kife agogon da tambulan. Can ya ce, "Lallai tana gani." Sai ya ce in tafi gida, yana da mutane.

Babu kowa a shagon.

Laraba, 17 ga Satumba

Na tambayi Mama muna shanya kaya. Ta daɗe tana matse riga ɗaya. Ta ce mai gini bai ce komai ba, har roƙon Baba ya yi ya zauna. Hannun ne, tun bara. Bai so mu sani ba, musamman ni.

Kunya nake ji, da haushin kaina. Ni da ɗokina kamar yarinyar da aka saya wa sabon takalmi.

Na goge su duka ashirin. Na mayar da babbar yau. Dattijon ya tambaye ni yaya, na ce ba ta da aibu ko ɗaya. Ya kalle ni ta saman tabarau bai ƙara tambaya ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Na je shago hannu rabbana. Baba ya duba wuyana, ya duba jakata. Bai taɓa aiki ba muddin ina zaune, sai jera tsofaffin batura yake yi a gwangwani.

Saura kwana goma, kuma ni na rufe ƙofar da hannuna.

Litinin, 22 ga Satumba

Na sake zuwa. Na share shago, na tattara agogunan da masu su ba su zo ɗauka ba, na kira su ɗaya ɗaya. Wajen la'asar ya ce in miƙo masa hantsaki. Ya yi aiki a gabana, bayansa a juye.

Laraba, 24 ga Satumba

Na buɗe hotunan ƙaramar da na kwashe a wayata, waɗanda na yi wa kallon raini. Na ranar kyankyaso. Ga shi nan fa! Gilashi a goshi, baki a buɗe yana dariya, agogon bango a cinyarsa, hantsaki a hannu ya ɗaga gawar sama. Bayansa agoguna goma sha ɗaya, kowanne da nasa lokacin. Tarkacen da na ce sun ɓata hoton, su ne shagon. Na yi ihu har Mama ta shigo da ludayi a hannu. Ta kalla ta kalla, ta ce, "Wannan ne mutumin da na aura."

Tun ranar shida ga wata yana hannuna ban sani ba.

Alhamis, 25 ga Satumba

Na sayi ƙaramar. Dattijon ya ce dama ya sani. Ƙarya yake, amma na bar shi.

Yaya ya ce na yi asara. Na tura masa hoton. Har yanzu bai ba ni amsa ba, matarsa ta ce ya sa shi a fuskar wayarsa.

Asabar, 27 ga Satumba

Na ajiye ƙaramar a kan teburin Baba a fili, kusa da kwalbar mai, don kada ya ce ɓoye masa nake yi. Ya harare ta ya ce na bar na'ura na ɗauko abin wasa. Bai ɗauki hula ba.

Aikin ƙarshe agogon mai yankan makulli ne. Ya wanke shi, ya sa mai, saura ƙusa ɗaya. Ya gwada sau biyu. Na kawar da kai ina karanta kalandar bara da ke bango.

"Auta, zo nan. Zauna."

Ya tashi ya ba ni kujerarsa. Ban taɓa zama a kanta ba, ko ina ƙarama. Ya maƙala min gilashin, da ɗuminsa. Ya ce gwiwar hannu a kan tebur, riƙe numfashi, yadda na koya miki ranar nan. Ƙusar ta faɗa raminta a karo na uku. Na murɗa. Agogon ya fara tafiya a ƙarƙashin idona.

Sai na ji ɗan ƙit a gefena. Na ɗago. Baba ne riƙe da ƙaramar da hannu biyu, ya rufe ido ɗaya.

"Kin fito da harshe," in ji shi.

Talata, 30 ga Satumba

An rufe shago. Ni na riƙe kwado, Baba ya danna. Mai yankan makulli ya shige shagonsa ya kunna inji, ba tare da makulli a ciki ba.

Na biya wurin masu wanke hoto da guda biyu. Na Baba da kyankyaso za a sa shi a firam, falo za shi. Na biyun, wanda ya ɗauke ni, ya girgiza sosai, fuskata biyu, fitilar tebur ta ja layi. Mai wankin ya ce wannan ya lalace, ko a bar shi? Na ce ya wanke min shi girman ɗayan.

Ƙaramar tana aljihun jakata, ko nauyinta ba na ji. Hantsakin da gilashin idon ma suna ciki, a naɗe a tsumma. Ajiye masa nake yi kawai, kada su ɓata a kwashe kaya.

Agogon ofishin shugabar makarantarmu yana baya da minti bakwai. Na ce mata kada ta kai shi ko'ina tukuna.