Ban Fita da Jirgi Ba a Watan Afrilu

Assalamu alaikum, Anti Rakiya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ya jikin, ya idon, ya mutanen Katsina baki ɗaya.

Saƙonninki na murya duk sun iso, kuma duk na saurara. Kowanne kina ƙare shi da tambaya guda: "Ya ƙwarinmu?" Ni kuwa sai in amsa miki da labarin sanyi da tsadar haya a nan Silver Spring, Amurka. Na san kin lura, kin dai yi shiru ne. Abin da bakina ya kasa faɗa a waya shi ne na zauna na rubuta, na kuma saka shi inda kowa zai gani don kada in sake samun hanyar zillewa. Na san Ummi, 'yar ƙanenki, ita za ta karanta miki. Ummi, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Kin tuna ranar da kika fara ɗaukata a jirgin ruwa? Muka gangara kogin Potomac har inda ruwan daɗi yake gauraya da na gishiri, ina ta amai kina ta dariya. Kika zura raga mai laushi kamar gyale, kika jawo, kika juye a kwalba kika miƙo mini. Na ce ni ban ga komai ba sai ruwa mai dauɗa. Da muka koma kika sa ɗigo ɗaya a maikiroskof, na'urar nan mai ƙara girman abu, sai ga halittu birjik suna tsalle, wasu da ƙahonni, wasu ɗauke da ƙwai. Kika ce su ne abincin farko na 'ya'yan kifi, in suka yi ƙasa, kifin ma sai ya yi ƙasa.

Ke kika koya mini cewa ƙirgar wata ɗaya ba ta gaya wa kowa komai. Darajar aikin ita ce a je wuri ɗaya, da raga iri ɗaya, kowane wata, shekara bayan shekara, ba a tsallake ba. Fiye da shekara ashirin kina yi. Kin fita da azumi a bakinki, kin fita yatsunki sun sandare don sanyi. A wurin suna ko biki mutanenmu suna tsokanarki, wai duk karatun nan ƙwarin ruwa kike ƙirgawa. Ba ki taɓa jin kunya ba. Da idonki ya gaza kika koma gida, ni kika damƙa wa ragar.

To, Anti, a watan Afrilu jirgi bai fita ba. Mayu ma haka.

Ga yadda abin ya faru. A farkon shekara aka kira taro a wurin aikinmu, aka ce dole a rage ayyuka. Shugaban sashenmu, dattijon nan da kika sani, ya juyo ya dube ni a gaban kowa. Ya ce ni ce na fi kowa sanin aikin nan, in gaya musu gaskiya, ko za a iya dakatar da shi.

Amsar tana bakina. Na san Afrilu ne lokacin da kifi ke ƙyanƙyasa, na san giɓin da aka bari a irin wannan aiki ba ya cikuwa. Amma ɗakin cike yake da waɗanda suka haife ni, masu furfura, wasu su suka koyar da ni. Sai na sunkuyar da kai na ce su ne manya, duk abin da suka yanke daidai ne.

Wallahi jira nake ya sake tambaya. A gida haka ake yi. Babba ya tambaye ka, ka kauce, ya matsa, ka ƙara kaucewa, sannan a karo na uku ka faɗi abin da ke ranka cikin ladabi. Shi kuwa ya gyaɗa kai, ya yi mini godiya, ya wuce magana ta gaba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kin riga kin gargaɗe ni. A makona na farko wata abokiyar aiki ta yi mini tayin abinci, na ce na ƙoshi alhali hanjina na kuka, ta ɗauke kwanonta ta tafi. Kin yi kwana da kwanaki kina tsokanata. Kika ce, "Murja, a ƙasar nan sau ɗaya ake tambaya." Na ɗauka maganar abinci kawai kike yi.

Daga baya wata da ke ɗakin ta gaya mini cewa da na yi gardama ko kaɗan, da wani aikin aka taɓa, ba namu ba. Dattijon ma ya zo ne da niyyar kare aikinmu. Da ya ga na ƙi haɗa ido da shi, sai ya ɗauka na gaji da jirgin ne, ina neman hutu. Wai tausaya mini ya yi.

Kunya ta hana ni shiga ɗakin ajiya. Kwalabenki suna nan jere a kan kanta, kowace da rubutun hannunki, sannan nawa suka ɗora daga inda kika tsaya. Bayan ta watan Maris babu komai.

Na koma wurin dattijon. Ban zauna ba, ban sunkuyar da kai ba, na faɗi duk abin da ya kamata in faɗa tun farko. Ya saurare ni sosai. Ya ce zai yi ƙoƙari a dawo da fitar kafin ƙarshen shekara, amma bai yi alkawari ba, don an riga an ba wasu jirgin. Ko an dawo da ita, ruwan Afrilu ya riga ya wuce teku da abin da ke cikinsa. Duk wanda ya zo nazarin aikinki nan gaba zai ga wurin da babu komai, kuma a hannuna aka yi shi.

Abu ɗaya nake roƙo, Anti. Na san halinki, za ki ce ba komai, haka Allah ya so. Don Allah kada ki ce haka. Ki kira ni ki yi mini faɗa sosai, irin wanda uwa take yi wa 'yarta. Idan kika yi mini kawaici, ban san inda zan sa kaina ba.

Allah ya ba ki lafiya, ya haskaka idonki, ya saka miki da alheri a kan kowace fita da kika yi. Ni kuma Allah ya buɗe bakina a inda ya kamata.

Wayata tana hannuna.

Ƙanwarki,
Murja